Tsohon injin Kohler K301 a kan ƙaramar tarakta: ta ina za a fara tayar da shi?

Musa Fadama: Assalamu alaikum jama'a. Ga wata ƙaramar tarakta 'yar Kwatano, John Deere 212, irin wadda Amurkawa ke yankan ciyawa da gyaran lambu da ita. Lambar da ke jikin injin K301 ce, na kamfanin Kohler. Ta daɗe a ajiye, ba wanda ya san rabon da a kunna ta. Batir ya mutu, tanki na warin tsohon fenti, kuma in an kama fuli da hannu yakan yi kamar rabin zagaye sai ya cije. An ba da shawarar a cire injin a ɗora GX390 na China, wato kwafin injin Honda, a huta. Masana, me kuka gani?

Baba Garba: Wa alaikumus salam Malam Musa. Abu na farko, kada a sa mata batir, kada a ja ta da mota. Injin da ya cije wani abu ne ya riƙe shi, in ka tilasta shi da kik sai kwanrod ya karye ko haƙorin kamshaf ya zube, daga nan magana ta ƙare.

Tunda yana yin rabin zagaye, fistin bai kama da tsatsa ba. Wurare uku za a duba. Na ɗaya bayan murfin fulawil. Ɓeraye na yin sheƙa a wurin, zanzaro kuma na gina gidansa na laka tsakanin fukafukan silinda, wani lokaci dunƙulen lakar ne kawai ya tokare fulawil. Na biyu bawul da ya maƙale a rufe, kamshaf ya zo zai ɗaga shi ya kasa. Na uku tsatsa ko ɓawon gawayi da ya zubo kan fistin a saman silinda. Kafin wannan duka a cire bel ɗin da ke tafiya daga injin zuwa giya, don a tabbata injin ne ya cije ba taraktar ba.

Injiniya Habu: Ƙari kan maganar Baba. A san irin injin da ake magana a kai tukuna. K301 silinda ɗaya ne, ƙarfin doki 12, cc 476, gangar jikinsa baƙin ƙarfe zalla. Bawul ɗinsa biyu suna tsaye ne a gefen fistin cikin bulok, ba a cikin tof ba kamar na injin ban-ruwa da muka saba. Tof ɗin faranti ne kawai na alminiyam mai kusoshi tara. An yi 212 daga 1975 zuwa 1987 a garin Horicon na jihar Wisconsin, don haka mafi ƙuruciyarsu ma ta kusa shekara arba'in.

Amfanin sanin haka: ramin fulogi ba a kan tsakiyar fistin yake ba, ya fi kusa da bawul. In ka zuba kananzir ta nan, rabinsa ta salansa zai fita. Gara a kwance tof gaba ɗaya, aikin minti goma ne, ka ga komai da idonka. Sai a kula, kusoshin na inci ne. A nemi sifana 7/16 da 1/2 da 9/16. Lamba 13 takan zauna kan 1/2 amma da ɗan sako-sako, in kusa ta yi tsatsa sai ta cinye mata kai. Lamba 14 kuwa ba ta shiga 9/16 sai da duka.

Sani Mai Janareta: Oga, ni dai ina tare da wanda ya ce a sa na China. 188F, wato GX390 ɗin na China, yana nan birjik a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano, doki 13, kayansa har a ƙauye ana samu. Wannan tsohon in ringi ya mutu ina za a samo? Kwantak da kwandansa ma yanzu sai an tona.

Injiniya Habu: Sani, maganarka ta kaya gaskiya ce, amma ɗorawar ba kamar yadda kake zato ba ce. Silindar GX390 a kishingiɗe take, ta K301 a tsaye. Tsayin shaf daga ƙasa ba ɗaya ba ne, ramukan kusoshin zama ba ɗaya ba ne, kuma fulin tuƙi da kulocin wuƙar yanka duk a kan shaf ɗin suke, sai an auna kauri da tsayi an kai wa mai tona, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, ya yi buhs. Ga nauyi: GX390 bai wuce kilo 32 ba, K301 ya haura 50. Wannan nauyin shi ke danne ƙafafun gaba in an rataya garma a baya. Ba cewa nake ba za a iya ba, ana yi. Amma wannan shawara ce ta bayan an buɗe an ga bulok ya fashe ko karanshaf ya tashi aiki. Yanzu ko tof ba a cire ba.

Musa Fadama: An cire bel, an cire murfin fulawil, an kwashe laka da tsummokara cike da kwano. An kwance tof. Bawul ƙarami, na wajen salansa, ba ya motsi, kuma daidai lokacin da ya kamata ya tashi injin ke cijewa. Jikin silinda ba rami, sai ɗan ja-ja na tsatsa a sama.

Baba Garba: Alhamdu lillahi, ciwon mai sauƙi ne. Kada ka buga shi da guduma daga ƙasa. A gefen injin, bayan kabireta, akwai ƙaramin murfi na numfashi, cire shi za ka ga sifirin da ƙafar bawul. Lura da yadda faranti da siririn ƙarfen da ke ciki suke jere, don in ka mayar da su a juye injin zai riƙa tofar da baƙin mai. Haɗa man giyar otomatik, jan nan, da kananzir rabi da rabi, ka ɗiga a wuyan bawul daga ramin salansa da kuma daga ƙasa. Bar shi ya kwana. Washegari ka matse sifirin ka cire makullansa biyu, ka ɗora guntun katako a tsakiyar kan bawul ka ɗan ƙwanƙwasa, sannan ka riƙa juya fulawil a hankali tafet, ƙarfen da ke tsakanin kamshaf da ƙafar bawul, na tura shi sama kaɗan kaɗan. Sama, ƙasa, mai. Haka har ya fito.

In ya fito, goge sandarsa da sanfefa mai laushi, lamba 400 ko 600, da mai. Mirgina shi a kan gilashi, in yana rawa ya lanƙwashe, sai sabo. Ramin da yake shiga a wanke shi da ƙaramin buroshi. Sannan a yi girandin duka biyun da garin girandin, mai kaushi tukuna sannan mai laushi, har zobe mai toka-toka ya zagaye fuskar bawul ba tare da ya yanke ba. A wanke garin nan tas, ko ɗigo ya shiga silinda zai ci ringi.

Injiniya Habu: Bayan girandin dole a sake auna gibi, domin bawul ya ɗan nutse. Injin a sanyi, fistin a can sama bayan bawul ɗin shan mai ya rufe. Na shan mai inci 0.008 zuwa 0.010, wato milimita 0.20 zuwa 0.25. Na hayaƙi inci 0.017 zuwa 0.019, milimita 0.43 zuwa 0.48. Kada wani ya sa masa 0.15 da 0.20 na GX don ya saba da su. Bawul ɗin hayaƙi a wannan injin na ɗaukar zafi sosai, in gibin ya yi kaɗan sai ya miƙe ya daina zama, injin ya yi minti ashirin yana aiki lafiya ya mutu, in ya huce ya tashi. Mutane su yi ta sayen kwayil a banza. Sa'ar da aka yi, tafet ɗin K301 na da kusar daidaitawa, da sifana biyu ake yi, ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya. Ƙananan 'yan'uwansa irin K181 sai an kankare ƙafar bawul.

Tof kuma a kankare gawayin da katako ko roba mai tauri, a manna sanfefa a kan gilashi a goga shi ana zagayawa har fuskar ta yi haske bai ɗaya. Sukan lanƙwashe ta wajen bawul ɗin hayaƙi. Sabon gaskit, ba gam. A ɗaure kusoshin ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, a hawa biyu ko uku, zuwa 25 har 30 a ma'aunin fut-fam, kimanin Nm 34 zuwa 41. In injin ya yi zafi ya huce a sake bin su, za ka tarar sun saki.

Sani Mai Janareta: To tunda an buɗe ai sai a zare fistin a sa sabon ringi gaba ɗaya. Injin shekara arba'in, in kun sa gej za ku ga kwamfireshin ba ya kai wa ko'ina.

Malam Idi Zariya: Nan ne ake yaudarar mutane, Sani. Wannan injin yana da wata dabara a jikin kamshaf, ɗan harshe da ke ɗaga bawul ɗin hayaƙi kaɗan lokacin da ake kik, don a rage wa kik nauyi. Sai gudu ya kai wajen zagaye 600 a minti nauyin da ke jikinsa ya buɗe, harshen ya janye, matsin ya cika. Don haka lafiyayyen K301 ma in ka sa masa gej zai nuna maka ƙasa. Da yawa an farke su an sa ringi, an mayar, gej ya nuna abin da ya nuna da farko.

In ana son sanin lafiyar ringi ga hanya. Tunda tof a buɗe yake, sa farce a bakin silinda ta sama. In akwai tudun da ke riƙe farce sosai, ta ci. Kai fistin sama ka tura shi gefe da gefe da yatsa, ɗan motsi ba laifi, amma in kana hango ringi ta gefe ya yi yawa. Bayan ya tashi kuma akwai gwajin tiyo: a lanƙwasa farin tiyo kamar harafin U a zuba ruwa rabi, a toshe baki ɗaya a ramin ma'aunin baƙin mai. A matse tiyon kafin a kunna don kada injin ya zuƙe ruwan, sai ya tashi a saki. In ruwan ya ja wajen injin, ringi da numfashi lafiya. In ya ture shi waje, iska na wucewa ƙasa. Sai a lokacin ake maganar ringi.

Wannan ja-jan tsatsar kuwa, sanfefa 600 da mai, a goge da tsumma, shi ke nan.

Musa Fadama: Farce ba ya kamawa. An mayar da tof, yanzu yana zagayawa lafiya. An sa batir, an murɗa makulli, shiru. Ko ƙas ba ta ce ba.

Malam Idi Zariya: Kafin wuta, an duba baƙin mai? Wannan injin ba shi da famfon mai, ba shi da filta. Wani ɗan cokali ne a ƙasan kwanrod ke tsoma kansa cikin mai yana watsawa. In man ya yi ƙasa cokalin bai kai ba, minti kaɗan ne kwanrod ya kama. Juye tsohon cikin faranti ka duba. Fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga. Warin fetur, famfon fetur ya huje yana zuba ciki. Ƙyalli kamar azurfa, kwanrod ya fara ci. Yawan da yake sha ya danganta da irin kaskon da ke ƙasa, tsakanin lita 1.4 da 1.9, don haka sandar awo ce alƙali, kada a wuce layin sama.

Shirun makulli kuma, akwai makunnan tsaro. In giya ba a furi take ba, ko an bar wuƙar yanka a kunne, kik ba zai amsa ba. Bayansu sai a bi wayar ƙasa daga batir zuwa bodi, a kankare tsatsar wurin har ƙarfe ya fito. Ɓeraye ma ba sa barin wayoyin bayan makulli.

Sani Mai Janareta: 20W-50 za a zuba ko?

Baba Garba: Masu injin SAE 30 suka rubuta don lokacin zafi. A kasuwarmu SAE 40 ya fi samuwa, kuma da zafin Afrilu da Mayu ba zai cutar ba. 20W-50 zai yi aiki in shi kaɗai ke akwai, sai dai injin mai sanyaya kansa da iska yakan fi shan mai mai lamba biyu, a riƙa duba sanda kullum safe. Zubin farko kada ya wuce rabin awa, a juye shi da zafinsa ya fito da dattin shekaru. Na biyu bayan awa biyar. Daga nan duk awa 25. Kuma kada a yi aiki da ita a gangare mai tsanani, man kan taru gefe ɗaya.

Injiniya Habu: Sai wuta. Wannan ba magneto ba ne irin na janareta, tsarin tsohuwar mota ne: batir, kwayil, kwantak, kwandansa. Kwantak na ƙarƙashin ƙaramin murfi a gefen bulok. Bayan doguwar ajiya bakinsa kan yi fari ko kore, wuta ba ta wucewa. Zura sanfefa mai laushi tsakani ka ja sau biyu uku, sannan ka zura farar takarda mai tsabta ka ja har ta daina fitowa da datti. Juya injin har bakin ya buɗe iyakarsa, ka sa gibi inci 0.020, rabin milimita ke nan.

A sani gibin nan shi ne tayimin. In ya yi faɗi wuta ta yi sammako, injin ya riƙa harbin kik yana zafi. In ya yi kaɗan wuta ta makara, ba ƙarfi, salansa ta yi ja. Mai son daidai wa daida ya leƙa ƙaramin ramin da ke kallon fulawil, akwai haruffa biyu, T da S. T fistin a sama ne, S wurin wuta, digiri 20 kafin sama. A sa mita ko ƙwan gwaji a kan kwantak, a juya a hankali ta inda injin ke juyawa, bakin ya rabu daidai lokacin da S ta zo tsakiyar ramin. Haruffan kan ɓace cikin tsatsa, a goge a shafa musu alli.

Wayar makulli a kan + na kwayil. Wayar kwantak da ta kwandansa duka a kan −, jikin kwandansa kuma ya taɓa bodi sosai. In za a musanya kwayil da na mota a auna tsakanin + da −, a nemi mai om 3 zuwa 5. Mai om ɗaya da rabi yana son rizisto, in babu zai ƙone kwantak cikin 'yan awoyi. Kwandansar tsohuwar mota mai kwantak tana yi, a Panteka ta Kaduna ba a rasawa. Kuma kada a bar makulli a kunne injin a tsaye, in kwantak na rufe kwayil zai dahu.

Fulogi: Champion H10 ko NGK B6L, gibi inci 0.035, milimita 0.9. Gajeren zare ne. BP6ES na GX zai shiga ramin don kaurinsu ɗaya, amma dogo ne, zai leƙa ciki inda bawul ke tashi.

Musa Fadama: Wayar ƙasa ce. Yanzu yana kik, wuta shuɗiya a fulogi. An ɗiga fetur a bakin kabireta ya tashi ya yi daƙiƙa biyar ya mutu.

Baba Garba: To saura mai. Warin fentin nan da ka ji tsohon fetur ne ya zama danƙo. Tankin 212 a baya yake ƙarƙashin kujera, a sauke shi a wanke, a sake tiyo tun daga baya har gaba, mai inci ɗaya bisa huɗu, da sabuwar filta. Cire tiyon da ke shiga kabireta ka yi kik, ya kamata famfo ya riƙa tofo mai da ƙarfi. In ba ya yi, ko yana zuba cikin baƙin mai, a toshe wurinsa da faranti a sa na lantarki mai ƙaramin matsi, PSI 2 zuwa 3 a gej. Na motar zamani mai injekta zai fi ƙarfin allurar fulot ya cika silinda da fetur.

Kabireta kuwa a warware ta duka. Doguwar allurar da ke shiga ta sama tana da ƙananan ramuka a jikinta, su ne ke toshewa, kuma su aka fi mantawa. A bi su da silin wayar tagulla ɗaya, ba allurar ɗinki ba, don kada a faɗaɗa su. Fulot in na tagulla ne girgiza shi kusa da kunne, in ka ji ruwa ya huje. Kifa kabiretar, tsakanin fulot da bakinta ya zama inci 11/64, milimita huɗu da ɗan ɗori. Sai ka kama sandar totur ka girgiza. In tana rawa sosai tana shan iska ta nan, silo, wato ƙaramin gudun injin a tsaye, ba zai taɓa zama ba sai mai tona ya sa mata buhs.

Wajen mayar da allurai, murɗa a hankali har ta taɓa ƙasa, kada a danne, bakinta kan yi tsagi. Babbar a dawo da ita zagaye biyu, ta silo biyu da rabi. Wannan na tayarwa ne kawai. In ya yi zafi a buɗe totur, a shigar da babbar har ya fara shaƙewa, a fito da ita har ya fara baƙin hayaƙi, a tsaya tsakiya amma a ɗan karkata wajen mai. Injin da aka yi wa rowar fetur zafi yake yi ya ƙone bawul.

Sani Mai Janareta: In yana hawa da sauka ai sai a ɗan ja sifirin ɗin gwamna.

Malam Idi Zariya: A'a. Hawa da sauka galibi ƙarancin mai ne ko iska ta sandar totur, ba laifin gwamna ba. Iyakar wannan injin zagaye 3600 a minti, silo wajen 1200. Kwanrod ɗinsa alminiyam ne zaune kai tsaye a kan karanshaf, babu metal a tsakani. In aka wuce da shi iyaka sai ya tsinke ya ɓulo ta jikin bulok. In an taɓa hannun gwamna wajen cire kabireta, ga yadda ake mayarwa, injin a kashe: sassauta notin hannun, kama ƙaramin shaf ɗin da filaya ka juya shi hagu, saɓanin tafiyar agogo, har ya tsaya, ka ja hannun nesa da kabireta har totur ya buɗe duka, ka ɗaure a haka. Ranar tayarwa kuma hannu ɗaya na kan makulli, in ya zabura a kashe nan take.

Musa Fadama: Ya tashi, ya zauna silo. Ɗan shuɗin hayaƙi da farko, bayan minti goma ya ɗauke. Gwajin tiyo ruwan wajen injin ya ja. Allah ya saka da alheri. Sai dai batir ba ya caji, kuma taraktar ba ta sauya gudu in an ja hannun da ke gefe.

Injiniya Habu: Madalla. Hayaƙin na man da aka jiƙa bawul da shi ne. Kada a yi aiki da ita murfin fulawil da farantan silinda a cire, su ke kai iska kan tof. Filtar iska ta takarda a sake ta, soson da ke kanta a wanke a ɗiga masa mai a matse. Da ƙurar hunturu kullum za a duba shi.

Caji: wayoyi biyu ne ke fitowa daga bayan fulawil zuwa rektifaya. Cire su, sa mita a kan AC, totur a buɗe, ka nemi bolt 28 ko fiye. In akwai, kwayil ɗin ciki lafiya. Mayar da su ka auna batir, ya kamata ya haura 13.5. In bai haura ba kankare inda rektifaya ke zama a bodi tukuna, ta nan take samun ƙasa, sannan ka bi wayar tsakiya zuwa makulli.

Gudu kuma ba giya ba ce. Tsakanin injin da giya akwai fuli mai baki biyu da faranti a tsakiya da ke zamewa hagu da dama, bel ɗaya na faɗaɗa ɗaya na tsukewa. Farantin ne ya kama da tsatsa. A sauke bel biyun, a goge sandar da yake zamewa a kai har ya riƙa tafiya da turin yatsa, mai kaɗan kawai don kada ya taɓa bel. Kuma ba a jan hannun sai injin na aiki bel na juyawa.

Sani Mai Janareta: Bel ɗin fa, na injin niƙa zai shiga?

Injiniya Habu: A tafi da tsohon kasuwa a auna faɗi da tsayi, duka biyun. In ya fi siriri ko da milimita biyu ne zai nutse cikin fulin, hannun ya ƙare tafiyarsa gudu bai cika ba. A sauya su tare, kada a haɗa sabo da tsoho.